Takardar Lalla Mbarka

Shekara arba'in Lalla Mbarka ta yi tana sayar da tazargade a kasuwar Misur ta ƙasar Maroko. Da shi ta aurar da 'ya'ya shida, ta kuma binne miji ɗaya da bai taɓa yarda ya sha ba. Duk yaron da cikinsa ya kumbura da tsutsa, wurinta ake kawo shi, ta ɗura masa ɗaci yana ihu tana zagin kakansa.

Sai ga Si Larbi ya buɗe kyamis daura da rumfarta. Kullum ya leƙo ya ce, "Inna, ina takardarki? Ciyawar akuya kike ba 'ya'yan mutane!" Wasa-wasa mata suka fara tsallake ta. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Da ta ji akwai wata Dakta Ilham a birnin Fas mai auna ƙarfin ganyaye, sai ta hau tudu ta tsinko na kirki, ta shanya a inuwa, ta aika buhu guda don a gwada a ba ta takarda. Sanyi ya wuce, shiru. Ta ɗaura mayafi ta bi sawu.

A ɗakin awon aka karɓe ta da shayi. Kurɓa ɗaya ta dire kofin.

"Wannan ai ganyena ne!"

Dakta ta sunkuyar da kai. "Inna, ki yi haƙuri. Na'ana'a ta yanke mana cikin hunturu, kin san shayi ba ya shiga haka nan. Ɗan kaɗan muka fara ɗiba..."

"Saura nawa?"

Aka ɗago mata buhu, wayam. Kai, masu ilimi ma dai ba su da kunya!

"Ku nawa ne?"

"Bakwai."

"To rubuta. Ki buga hatimi, babba."

Ranar kasuwa ta rataye takardar. Si Larbi ya tsallako ya karanta, dariya har da riƙe ciki. "Jama'a, ba a ma gwada ba! Cewa aka yi likitoci bakwai sun shanye buhun a shayi!"

Lalla Mbarka ta gyara zama. "Ɗaga murya, ɗana, na baya ba su ji ba. Likitoci nawa ka ce?"

Wata mai goyo da ta fito daga kyamis ta dubi ƙwayoyin hannunta, ta dubi Si Larbi. "Kai naka, likita nawa suka taɓa shanyewa?"

Ta tsallako titi ta nufi rumfar Lalla Mbarka.