Hannun Hagu a Aljihu

Tela yana can ƙarshen kasuwa a shagon masu maɓalli, ya zuba baƙaƙe guda shida a tafin hannunsa yana gwada su da ƙyallen da ya zo da shi, sai wayarsa ta yi ƙara. Mai aski ne, wanda shagonsa ke kallon nasa.

"Kana ina?"

"Ina wajen maɓalli. Lafiya?"

"Ka taho. Hannu-ɗaya ne."

"Me ya yi kuma?"

Mai aski ya gyara murya. Can ya ce, "Wuta ce ta ja shi. Ka taho a hankali, babu abin yi wa sauri."

Sai da ya iso bakin layinsu ya lura maɓallan na nan dunƙule a hannunsa, har sun yi masa shaida a fata.

Shekara talatin da ɗaya bangon katako ɗaya ne ya raba shagon Tela da na Hannu-ɗaya. A jikin bangon akwai wata kafa da ta isa hannu ya wuce, ta nan suke miƙa wa juna kofin shayi, da almakashi, da baƙar magana. Tela na ce masa likitan gawa. Shi kuma yana ce wa Tela mai facin wandon mutane. Ranar da ɗaya bai tsokani ɗaya ba, 'yan layi kan leƙo su tambaya wa ke ciwo.

Hannuwan Hannu-ɗaya biyu ne lafiyayyu. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Duk wanda ya leƙa shagonsa zai gan shi sunkuye a kan buɗaɗɗiyar na'ura, dama na riƙe da tsinken awo, hagu na can cikin aljihun rigar aikinsa. Baƙi kan ɗauka girman kai ne. Wata mata ta taɓa yi masa jaje, ta tambaye shi ko hatsarin mota ne.

Ya koyi aikin yana saurayi a ɗakin gyara na wani ofishin sadarwa, a hannun wani tsoho mai sandar awo ta katako. Da tsohon ya ga hannun hagu ya fito, sai sanda ta sauka a kai. Hannu-ɗaya ya taɓa yi wa Tela bayanin dalili, yana zanawa da alli a jikin bango. Na'urorin zamanin da, masu kwalaben gilashi da ke yin ja in sun yi zafi, wutar cikinsu ta ninka ta soket sau da yawa, kuma wani awon ba ya yiwuwa sai suna kunne. In wuta ta shiga ta hannu ɗaya, za ta cije ka ta wurgar, ka tashi kana zagi. In kuwa ɗayan hannun na dafe da ƙarfen na'urar, sai ta shiga ta nan ta fita ta can, kuma zuciya ce a kan hanyarta.

"Shi ya sa nake tsare da wannan," ya ce, yana bubbuga aljihu. "Ɗan kurkuku ne."

Abinci dai daga gyaran fanka da rediyo da dutsen guga yake fitowa. Amma ransa na kan kantar baya, inda ya jera kayan awon da ofisoshi da makarantu suka zubar lokacin da na zamani suka shigo. Akwai mai gwada kwalba ta faɗa maka ko da sauran rai a cikinta. Akwai mai fitar da sauti siriri kamar kukan sauro. Akwai masu fuskar gilashi da ke zana motsin wuta da koren layi. Wasu daga juji ya tsinto su, ɓera ya yi gida a ciki. Sai ya kwashe makonni yana share su da burushin haƙori, yana cire tsofaffin 'yan ma'ajiyar wuta da ake kira kwandensa, waɗanda kakinsu ya narke, yana liƙa sababbi da dalma. Shagon kullum ƙamshin dalma da ƙura mai zafi yake, har kayan da Tela ke ɗinkawa sukan ɗauka.

Ba ya taɓa cusa tsohuwar na'ura a soket kai tsaye. Sai ya bi da wutar ta cikin ƙwan fitila tukuna, ya zauna yana kallo. In ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya a haka, akwai ɓarna a ciki, sai ya kashe. In ya haska ya dusashe, sai ka ji murya ta kafar bango.

"Tela, zo ka gaida tsohuwa, ta farka."

Tela kuwa sai ya ajiye ɗinki ya zagaya. Bai san kan abin da yake kallo ba, ko da can. Fuskar abokinsa yake zuwa gani, yadda hasken kwalaben ke sauka a kanta, mutum mai furfura yana murmushi kamar an ce masa an sauka lafiya.

Matar Hannu-ɗaya ta rasu shekara tara da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya, ma'aikaciyar jinya. A tsakanin ƙafafun keken Tela ta yi rarrafe, shi ya ɗinka mata rigar makaranta ta farko, shi ya sa Baba Tela take ce masa.

Tela ne ya fara ganewa, kuma ta hanyar sana'arsa ya gane. Shi ke ɗinka wa Hannu-ɗaya rigar aiki, kuma duk wata huɗu sai an turo ta ta kafar bango, aljihun hagu ya ɓarke, domin hannun da ke ciki ba ya zama lafiya, murzawa yake yana dunƙulewa. Har ninki biyu Tela ke yi wa aljihun, duk da haka sai ya mutu. Sai aka wayi gari shekara ta zagayo rigar ba ta zo ba. Da ya karɓe ta da sunan zai gyara wuya, ya juya aljihun, ya same shi garau kamar jiya aka ɗinka.

Daga ranar ya fara leƙe. Abin da ya gani ya hana shi cin abincin rana. Hannun damar Hannu-ɗaya rawa yake. Tsinken awo na kusantar inda ake so ya taɓa, sai ya kama karkarwa, ya zame. Sai hagu ya fito a hankali ya riƙe wuyan daman. Wani lokaci, in wurin ya yi lungu, gefen tafin hagun kan jingina da bakin ƙarfen na'urar.

"Na gan ka," in ji Tela ta kafar bango.

"Ka ga me? Je ka ka ga zarenka."

"Ɗan kurkuku ya fito."

Hannu-ɗaya ya ce, "An yi masa afuwa. Ya tsufa."

Ba a yi wata guda ba 'yar ta zo ta zauna a bencin Tela da kayan aikinta, ta rage murya. Ta ce ta ga yadda cokali ke kaɗawa a hannun babanta. Ta kai shi an duba, an ce ciwon ba mai komawa baya ba ne. Ya rantse mata fanka kawai yake taɓawa yanzu, ita ma a kashe.

"Baba Tela, kai ne kusa da shi. Yana buɗe waɗancan suna kunne?"

"In yana yi fa?"

"In sa kwaɗo a shagon yau ɗin nan. Gara ya yi fushi da ni yana numfashi."

Tela ya dubi bangon katako. Ta bayansa yana jin ƙaramin tarin da abokinsa ke yi in hayaƙin dalma ya shiga masa. Ya tuna ranakun hutu, yadda mutumin nan ke zama a ƙofar gida hannuwa a cinya, bai san inda zai ajiye idonsa ba. Ya ƙiyasta hakan kullum, har ƙarshen rai, shi kuma yana ɗinki kusa da shago a kulle.

"Fanka dai nake gani," ya ce.

Ta yi masa godiya. Godiyar nan ba ta bar kunnensa ba har yau.

A lokacin Hannu-ɗaya na wata na biyar a kan wata babbar na'ura mai koren layi, wadda ya samo a ɗakin ajiyar wata makarantar koyon sana'a. Mutum biyu suka sauke ta daga mota suna nishi. Kwalabenta sun haura arba'in. Irinta ce sak tsohon maigidansa yake da ita, wadda bai taɓa barin wani ya ko goge mata ƙura ba. Ta farka, layin ya fito, amma a karkace yake, yana tsalle. Daidaita shi sai da wuta a jiki, can ciki kusa da wuyan gilashin, inda wutar ta fi ko'ina mugunta.

A gabanta mai aski ya same shi, a ƙasa, kujera ta faɗi gefe.

Kwana biyu bayan an rufe shi 'yar ta zo shagon. Tela ya buɗe mata. Ta tsaya tana kallon kantar, da burushin haƙori, da tabarau a kan takardar zanen na'urar, duk ya yi mata alama da jan biro. Ba ta taɓa komai ba.

"Na ga hannunsa a asibiti," ta ce. "Ƙuna a dama, ƙuna a tafin hagu. Tun ina yarinya ban taɓa ganin ko ƙwarzane a hagun Baba ba." Ta juyo. "Ka sani?"

"Na sani, 'yata."

"Tun ranar da na tambaye ka?"

"Tun kafin nan."

Ya so ta yi masa ihu, ko ta zage shi. Sai kawai ta ɗauki tabarau ɗin ta sa a jaka, ta ce za ta turo a kwashe kayan. A bakin ƙofa ta ce, "Sai an jima, Malam," ta tafi. Ba ta sake ce masa Baba ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Akwai abin da bai gaya mata ba, don ba zai rage mata komai ba. Ana gobe abin zai faru, da la'asar sakaliya, ya rufe kekensa ya zagaya shagon abokinsa. Ya same shi ya kashe na'urar yana shafa wuyan hannunsa na dama. Washegari daga gida Tela ya wuce kasuwa, don haka wannan ce tsayuwarsu ta ƙarshe.

"Zan kira 'yarka yau," Tela ya ce. "Na gaji da kwana da abin nan."

"Zauna mana."

"Ba zan zauna ba. In na zauna za ka zagaye ni da surutu."

Hannu-ɗaya ya cire tabarau ya murza ido. "Kwana uku, mutumina. Abu kaɗan ya rage, na ma san inda yake. In layin nan ya miƙe, ni da kaina zan kai mata mabuɗi. Sai in dawo bencinka in riƙa sa maka zare a allura."

"Da wannan hannun? Sai ka tsone mini ido."

"To in riƙa yi maka gulmar masu kawo ɗinki. Wannan ai baki ne."

Tela bai yi dariya ba. "Ka mayar da shi aljihu."

"Zan mayar."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," ya ce a hankali. "Amma shekara hamsin muna tare da wutar nan, ta san ni na san ta. Ka ba ni, Tela. Ban taɓa roƙonka abin da ya wuce faci ba."

Tela ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan ƙofa.

"Kwana uku," ya ce.

"Uku. Ja mini ƙofar in za ka fita, iska na ɗaga mini takarda."