Kwalin da Bayahudiya Ta Sayar Mini

Cikina na fari a Jos na yi goyonsa, a wani gidan haya da ke bayan Titin Bauchi, ana saura shekara guda soja su miƙa mulki ga farar hula. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma in hau keken ɗinki. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai kwana gida ba, shi ya sa mahaifiyarsa ta taso daga Rikkos ta zauna da ni har in sauka. Inna nake ce mata. Mace ce mai tsabta da yawan ibada, sai dai ba ta yarda da duk abin da ba a daka shi a gabanta ba.

Ranar Talata muke zuwa awo. In an gama auna mu, an duba ido da ƙafa, sai Sista ta ba kowa ƙwayoyi iri uku a 'yar ambulan: ja ta ƙarin jini, wata 'yar mitsitsiya ruwan ɗorawa, da wata ruwan ƙasa mai warin burodin da ya kwana. A bencin jira kuwa babu abin da ba a faɗa a kansu. Wata ta ce maganin hana haihuwa aka cusa a ciki, daga wannan cikin shi ke nan. Wata ta ce suna sa kan yaro ya yi girma har sai an yanka mace. Na san mata da dama da ke watsa nasu a kwata tun kafin su kai bakin titi.

Ni ma da na watsar, ba don wata farar mace da ke bin layi tare da mu ba. Matar wani injiniya ce a kamfanin da ke shimfiɗa bututun ruwa, kowa Madam yake ce mata. Mako biyu na zuba mata ido. Daga kwalbar da ake ɗiba mana ake ɗiba mata, kuma nan a gabanmu take ciro gorar ruwa ta haɗiye. Na ce a raina, da guba ce ai ba za a bai wa tasu ba. Daga ranar na fara sha.

Rigar da ke jikina ce ta haɗa mu. Ta tambayi wanda ya ɗinka, na ce ni. Har riguna uku masu faɗi na yi mata, tana zuwa gwaji gidanmu. Hausarta ta kasuwa ce, Turancina na kwalejin horon malamai, muna haɗa wannan da wancan mu fahimci juna. A bakinta na ji cewa ita Bayahudiya ce. Inna kuwa ta lura da abu ɗaya: matar ba ta taɓa cin abincinmu ba. Ruwa kawai, ko ayaba in an miƙa mata da ɓawonta.

"Wanda ba ya cin naki," in ji Inna, "ki san irin zaman da za ki yi da shi."

Wata Alhamis da la'asar, cikin watan Afrilu, hadari ya haɗu bai zubar ba, sai ga motarsu a ƙofar gida. Madam ta shigo rungume da kwali bisa tulun cikinta, tana haki. Ta dire a tsakar gida ta buɗe. Garin fulawa ne, da biskit, da taliya, da gwangwanin hodar kek. Can a gefe kuma ga ambulan ɗin asibiti guda biyu, cike da ƙwayoyin nan uku.

"Malama, ki saya," ta ce da ni. "Duka. Kwabo ɗaya."

Na yi dariya, na zaci wasa take. Na ce in kyauta ce na gode, in ajiya ce zan ajiye. Ta girgiza kai. Ba kyauta ba, ba ajiya ba, dole sai na saya ya zama nawa. Ta ce idinsu ne ya zo, kwana takwas kayan nan ba za su zauna a gidanta ba. Na nuna ambulan ɗin na ce, "Har da magani?" Ta kawar da kai ta ce har da shi. Kunya ta hana ni musu. Na miƙa mata kwabon, ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya ta fita.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba Inna ta fito daga ɗaki.

"Me kika ba ta?"

"Kwabo, Inna."

"Inna lillahi! Ke da karatunki? Ina kika taɓa ganin an sayar da kayan kwali guda a kwabo? Wannan ba ciniki ba ne, sauke kaya ne. Wani abu ke binta, ta nemi mai ciki irinta ta ɗora mata."

Ta hana a shigar da kwalin ɗaki. Da sanda ta tura shi har rumfar da muke ajiye itace, ta kife masa tsohon daro. Ta sa na wanke hannu har gwiwa, ta tofa mini addu'a a goshi da cibiya.

Ni ba zancen Inna ne ya fi tsaya mini a rai ba, ƙwayoyin ne. Matar da na dogara da ita nake sha, ga shi ta kwashe nata ta fitar daga gida. Fulawa da biskit na ji, kowa da irin azuminsa. Amma wane idi ne ke hana mai ciki shan magani? Na ce lallai wani ya tsegunta musu abin da ke ciki, ta rasa yadda za ta gaya mini, sai ta fake da idi. Ko kuwa ba ta ma damu ta gaya mini ba. Na ɗauki tawa ambulan na tura ƙarƙashin katifa.

Washegari Juma'a na tashi makaranta da wuri, na ɗauki wani ɗankwali da ta mance a wurina, na yi gidansu. Ba ɗankwalin ne ya kai ni ba. Tun daga shinge na hango hayaƙi. Mijinta na tsugune a bayan gida yana ƙona gutsattsarin burodi a cikin gwangwani, yana motsa baki. An fito da katifu rana, an juye aljihun tufafi, tukwane da cokula suna cikin wani ƙaton daro na tafasasshen ruwa. Irin wannan wanki sau ɗaya na taɓa ganinsa, a gidan da aka yi cutar amai da gudawa. Na ba mai gadi ɗankwalin na juyo, ban shiga ba.

Da na ba Inna labari, sai ta ce, "To, kin gani." Ta ciro jar ƙwaya ɗaya daga tawa, ta niƙa, ta gauraya da dussa ta bai wa wata kazarmu. Kwana uku muna kallon kazar nan kamar masu jiran haihuwa. Ta yi kiwonta, ta yi ƙwai. Inna ta ce kaza ai ba mutum ba ce.

Talata ta zo. Sistar da ke duba mu babbar mace ce 'yar Birom, mai murya kamar ta sajan, kuma ta saba cewa kowa ta zo da ambulan ɗinta. Ta ɗaga tawa ta jijjiga, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama, ke ma? Ke da ke koya wa yara?"

Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya, tun daga kwalin har kazar. Na zaci za ta yi dariya, sai na ga ranta ya ɓaci.

"Wannan matar ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Sau uku ta zo tana tambaya me aka sa a ciki, da garin me aka dunƙula shi, na alkama ne ko na masara. Ta sa na ɗauko mata babbar kwalbar ta karanta takardar jiki. Ta je wurin mai ba da magani, shi ma bai sani ba. Yau ba ta ma zo ba. Jininta kuwa ya fi na kowa ƙasa a bencin nan, ni na auna. In kina ganinta, ki ce mata na ce in ta faɗi kada ta ce ban gaya mata ba."

Na fito na rasa inda zan sa maganar. In da ta san asirin ƙwayoyin, me zai sa ta yi ta tambaya? Ko dai tambayar ma wayo ce? Ban bi ta gida ba, na wuce wurinta kai tsaye.

Na same ta kwance a doguwar kujera, leɓɓanta fari fat. Kusa da ita ga faranti da wani busasshen abu fale-fale kamar an gasa takarda. Ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Madam, don Allah ki gaya mini gaskiya. Akwai mugun abu a maganin nan?"

Ta tashi zaune da ƙyar. "Mugun abu? Wa ya ce?"

"Ke. Tunda kika fitar da naki ban sake shan nawa ba."

Ta dafe baki, idanunta suka kawo ruwa. Ta ce ko kusa, ita ba ta taɓa tunanin haka zan ɗauka ba. Sannan ta yi mini bayani a hankali, rabi Hausa rabi Turanci. Idin na tunawa ne da fitar kakanninsu daga Masar tare da Annabi Musa. Sun fita cikin gaggawa, ƙullunsu bai samu ya tashi ba. Saboda haka kwana takwas ba sa cin abin da aka yi da alkama ya kumbura, ba sa ma barinsa a cikin dukiyarsu, shi ya sa ake sayar wa maƙwabci. Ƙwayar ruwan ƙasa ta tabbata yis ce zalla, abin da ke kumbura burodi. Sauran biyun kuma babu wanda ya iya gaya mata da garin me aka haɗa su. Ta rubuta wasiƙa gida tun wata guda tana tambaya, amsa ba ta zo ba.

Na ce mata, "Mu a wurinmu mai ciki ko azumin Ramadan an yarda ta ajiye."

"Mu ma akwai sauƙi," ta ce. "Mijina kullum haka yake faɗa. Amma shi injiniya ne, ba malami ba. So yake in sha, komai zai iya cewa." Ta shafa cikinta. "Biyu sun zube mini kafin wannan. In na sha, tsoro. In ban sha ba, tsoro."

Ashe ba ni kaɗai ke zargin kowa ba. Na tambaye ta ko duk cikin mutanensu babu wanda ta yarda da iliminsa. Ta ce akwai wani tsoho mai kula da ɗakin kayan aikin kamfanin a hanyar Vom, shi ke ja musu addu'a, amma tana jin nauyin kai wa namiji zancen ciki. Na ce nauyi ai bai kai faɗuwa ba. Na isar mata da saƙon Sista yadda aka ba ni, ban rage ba.

Laraba da yamma sai ga ta a gidanmu. Ta je wurin tsohon. Ya ce ƙwayar da ake haɗiyewa ba a tauna ba, mai ɗaci, ba abinci ba ce, kuma lafiyar mai ciki tana gaba. Ya ce ta sha ja da ruwan ɗorawa, ta bar ta yis sai bayan idi. Duk da haka zuciyarta ba ta ba ta ta mayar da su gidanta ba.

"Naki ne yanzu, Malama. Ki ba ni biyu in sha a nan."

Na ɗage daron na ciro mata. Inna ta jawo kujera ta zauna dab da ita, ita da kanta ta miƙa mata ruwa a moɗa, ta kafa wa maƙogwaronta ido har ƙwayoyin suka wuce. Bai ishe ta ba.

"Ce mata ta buɗe baki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Madam ta gane, ta buɗe baki ta ɗaga harshe kamar yarinya. Inna ta leƙa, ta koma ta zauna, ta ce, "To." Ni ma na shiga ɗaki na ɗauko nawa na sha a gabansu.

Haka ta riƙa aikowa ko zuwa kowace safiya har idin ya wuce, ta zo ta fanshi kwalinta. Inna dai ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta ce ta yarda maganin ba guba ba ne, amma cinikin nan har gobe ba ta gane masa ba, kuma kada in kuskura in sake.

Tsakiyar damina na haifi 'ya mace, lafiya ƙalau. Bayan kwana goma sha biyu Madam ta haifi namiji, bayan an sha wuya har an ƙara mata jini. Ina cikin wankan jego, ban iya zuwa ba. Inna ce ta dama kunun kanwa, ta cika kwano, ta yafa mayafi ta tafi barka, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta shigo na tambaye ta ko mai jego ta sha.

"Ta sha," in ji Inna, tana ninke mayafinta. "Amma sai da na lissafa mata gero, kanwa, citta, ta sa mijin ya rubuta. Yaron dai ga gashi, masha Allahu."

Shekarar da ta biyo baya aikin bututun ya ƙare, suka koma ƙasarsu. Ban sake jin labarinta ba.