Ƙaron da Ƙawata Ta Zo Nema

Mijina malamin kimiyyar fizik ne a lise, babbar sakandaren garin Gure, kuma tun da muka yi aure ban taɓa jin ya yi magana mai daɗi irin ta samarin cikin littattafai ba. Na haƙura, na ce wa zuciyata haka Allah ya halicce shi, ruwa mai sanyi wanda ba ya tafasa. A kan wannan haƙurin nake zaune har shekarar da ƙawata ta dawo gida.

Aji ɗaya muka yi mu uku. Ni ina ɓoye littafin soyayya a ƙarƙashin tebur, su biyu suna rigimar lissafi. Bayan bak, jarrabawar gama lise, ta samu tafiya karatu Faransa, shi ya tsaya koyarwa saboda mahaifinsa ya kwanta ciwo, ni kuma na aure shi. Da ta dawo, ba hutu ya kawo ta ba, ƙaro ta zo nema, ƙaron dakwara na wajen Bune, wanda muke tauna muna yara har ya liƙe mana a haƙori. Na yi dariya sosai.

"Ƙawata, duk karatun nan a kan ƙaro ya ƙare? Da kin faɗa da na aika miki tiya guda."

"Ke dai ba ki canza ba," in ji ta. "Ina Mushe, malamin mijin naki? Shi zai gane."

Da la'asar ta zo, na shimfiɗa musu tabarma a rumfa, na ɗora shayi. Ta buɗe na'urarta ta nuna masa wani hoto: baƙin ɗigo a tsakiya, haske ya kewaye shi kamar wata ya yi gida. Ta ce ƙaro dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, haka roba, haka abubuwa masu laushi da yawa. Sai su narka shi a ruwa, su zuba cikin ɗan bututun gilashi siriri kamar tsinke, su harba masa irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Yawancin hasken miƙewa yake ya wuce, wannan tare shi suke da ɗan ƙarfe, shi ne baƙin ɗigon. Wanda ya ci karo da zaren ya ɗan kauce kaɗan, shi suke kamawa. Daga yadda ya watsu suke lissafa girman zaren, da ko a nannaɗe yake ko a miƙe.

"Ke nan wanda ya fi kusa da ɗigon shi ke ba da labarin manyan zaruruwa?" in ji mijina.

"Ka gani? Ɗalibaina sai na maimaita musu har makoshina ya bushe."

A nan na ɗaga kai na kalle shi. Wallahi ban san fuskar nan ba. Idanunsa sun buɗe, muryarsa ta yi sama, hannunsa yana zane a iska. Suka zarce cikin Faransanci mai gudu wanda nawa ba ya kamowa. Shayin fari ya huce a gabansa, na biyu ma haka. Mutumin da ban taɓa samun jimla uku a jere daga bakinsa ba, ga shi yana katse mace magana don ɗoki.

Na karanta irin wannan sau ba iyaka, na san yadda yake farawa. Tsohuwar abokiyar karatu, da turare na ƙasar waje, da matar gida tana fifita gawayi. Washegari na sa atamfata mafi kyau, na yi lalle, na turara ɗaki har maƙwabta suka yi tari. Ya shigo ya ce, "Wani abu ke ƙonewa ne?" Ranar da ya ce zai raka ta Bune wajen masu tsinkar ƙaro, na ce ni ma za ni. Na zauna tsakaninsu a mota, rairayi yana jijjiga mu, suna magana ta saman kaina.

"Amarya ba kya laifi," in ji ta tana tsokanata, "tsoro kike in sace miki shi?"

"Wa zai saci buhun gishiri? Ki ɗauka in kina iyawa."

Muka yi dariya, amma tawa a leɓe ta tsaya.

Da ta koma Faransa, na zuba ido in ga alamomin da na sani: waya a ɓoye, murmushi babu dalili. Ban ga ko ɗaya ba. Shiru ya yi, wanda ya fi na da nauyi. Ta faɗa mini ta aiko masa sakamakon awon ƙaron Bune, ya bar saƙon bai buɗe ba. Wata safiya ina zuba masa kunu na kasa daurewa.

"Maigida, in sonta kake ka faɗa mini. Na fi son in ji daga bakinka."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"So? Ita?" Ya ajiye ludayin. "Na fi ta maki a bak. Ni nake yi mata bayanin haske a bayan aji. Yanzu ita ke harba shi, ni ina zana shi da alli, allin ma wani lokaci babu."

Sanyi ya ratsa ni, har na kusa yin guɗa. Ashe ciwo ɗaya muke, mace ɗaya muke kishi, kowa da nasa dalili. Amma kafin ya gama shan kunun, daɗin ya gudu. Da mace ce ta ɗauke masa hankali, na san abin yi, littattafai sun koya mini. Abin da ya haska masa fuska a rumfar nan wata rayuwa ce da ya so ya yi, a wani gari mai nisa, kusa da wata na'ura, kuma da ya same ta ba na jin ina cikinta.

Na tambaye shi, "Da kai ka tafi, da ka dawo ka aure ni?"

Ya daɗe yana juya ludayin cikin kwano.

"Allah ne ya sani," ya ce. Ya ɗauki jakarsa ya tafi lise.