Hannun da Ya Rage wa Maidawa

Yayana Maidawa tun yana saurayi yake kaɗa kalangu a bayan Atiku mawaƙi, kuma in ana maganar ji da kai, to shi ne ƙarshe. Ni Dela, ƙanwarsa, na sha faɗa don kawai na ɗaga kalangun zan share ɗaki. Daga Kende har Tsamiya, can bakin iyakar Benin, babu bikin da ba su ci ba.

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Kaoje ne hawan jini ya kayar da shi a gona. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun dama bai tashi ba. Ya rataye kalangun a bango ya hana kowa taɓawa. Zayyanu, wanda ya gaji wurinsa, ya zo aro, don nasa kalangun sautinsa kamar tsohon bokiti. Maidawa ya ce ya je ya tambayi bangon.

Na san abin da ke cinsa. Makaɗi ba hannu, me zai tsaya yi a bayan mawaƙi? Atiku bai daina ɗaukarsa wurin biki ba, amma a gindin itace ake ajiye shi da fura kamar baƙo. Wallahi tausayin nan ya fi ciwon yi masa zafi.

Rannan aka yi wani biki a Tsamiya, ina cikin mata. Dangin ango Dandawan tsallaken iyaka ne, sun zo da mai guruminsu, wani dattijo Zulkiflu. Gurumi kuwa muryarsa ƙarama ce. Aka fara, ga kalangu, ga ganga, ga 'yan amshi, kowa na neman fin ɗan'uwansa. Sai ka ga yatsun dattijon na motsi, ba ka jin komai. Dangin ango suka fara ɓata fuska.

Kawai na hango Yaya ya taso yana jan ƙafa. Ya ɗora hannun hagu a kan fatar kalangun Zayyanu.

"Ku dakata. Dut kun taru kuna magana lokaci guda."

Ya ce gurumi ya fara shi kaɗai. Ganga ta biyo a hankali daga ƙasa. 'Yan amshi su jira sai dattijo ya kai ƙarshen jansa. Kalangu kuma kada a ji shi sai inda Atiku ya tsaya shan iska.

"Baba, to ni mi zan kaɗa?" in ji Zayyanu.

"Kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne aikinka."

Da aka sake, gurumin ya fito tas. Tsofaffin Dandawa suka rangaɗa guɗa suka faɗa fili.

Tun daga nan, kowace sabuwar waƙa sai ta bi ta zaurenmu. Waƙar ta Atiku ce, shi ya ƙirƙiro ta, zai rera ta zalla. Yaya ya rufe ido, sannan ya ba kowane kayan kiɗa inda zai shiga da inda zai yi shiru. Masu zuwa situdiyo a Birnin Kebbi sun ce sunan aikin mai tsara kiɗa. Shi dai cewa yake rabo yake yi. Ji da kai fa ya dawo, har da ƙari.

Jiya da la'asar ya tsayar da su Atiku ana tsakiyar gwaji. Ya ce wurin nan siririyar murya yake so, bokitin Zayyanu ba zai iya ba.

"Dela, shiga ki ɗauko."

"In ɗauko mi, Yaya?"

"Kalangu nawa gare mu gidan nan?"

Na sauke shi daga bango da hannu biyu, na goge ƙurar da gefen zanena. Zayyanu ya rataya, ya matse, ya buga. Yaya ya sunkuyar da kai ya daɗe yana saurare, sannan ya share ido da hannun hagu.

"Ai ka yi saurin shiga," ya ce wa Zayyanu. "Sake."