Moton da Ya Fi Ƙafata Tsawo

Ranar wata Lahadi ce, farkon damina, a shekarar da na gama aji uku na koleji, Baba ya sa ni a taksi muka haye babbar gada zuwa Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, don a zaɓa mini moto. An yi ruwa da asuba, kogi ya yi ja, ni kuwa ina kujerar baya na matse guiwa, ko tari ban yarda na yi ba don kada ya sake shawara. Muka sauka a garejin wani Bazabarme mai suna Hamani, inda ake tara tsofaffin baburan daji masu tayoyi da haƙora, irin waɗanda muke kira moto kros. Biyu aka fito mana da su, wani ja gajere da wani fari dogo. Na hau jan, tafin ƙafafuna duka biyu suka zauna daram a ƙasa, na ji har cikin raina cewa na samu nawa. Hamani ma ya gani, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji, wannan ne daidai da yaro, ƙafa ya taɓa ƙasa." Baba bai ko dube ni ba. Ya zagaya farin, ya shuri tayarsa yadda yake yi wa tayar kamiyonsa, babbar motar kayan da yake ja, sannan ya ce da Hamani, "Yaro girma yake yi. Ko takalmi ba a saya masa daidai ƙafa, balle ƙarfe. Ba mu wancan."

Wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan magana. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa sa kaya daidai jikina ba. Rigar lakwal, wato makaranta, har guiwa, wando a naɗe ninki biyu, takalmin salla kuwa sai an cusa tsumma a gaba, ranar da ya zo daidai kuma ya riga ya mutu. To, da wannan ma'auni aka auna mini moto, ka ji fa! Kuma ba halin na ce uffan, domin ni ne ɗan fari, kuma iyayena mutanen da ne masu riƙon kunyar ɗan fari da gaske. Sunana Lawali, amma har lokacin ban taɓa jinsa a bakinsu ba. Inna "kai wannan" take ce mini. Baba kuwa in yana da magana da ni, sai ya faɗa wa Inna ko bango, ina tsaye a wurin: "A ce wa yaron nan ya ba rago ruwa." Ƙannena mata ƙanana su hau cinyarsa, su ja gemunsa, su laluba aljihunsa, ni kuwa in gaishe shi daga nesa in koma gefe. Ban taɓa zaton ƙina yake yi ba. Amma ina jin kaɗaici, kuma ban san wa zan gaya wa ba.

Unguwarmu Bobiel ta lokacin bakin gari ce, ba wannan ta yanzu ba. Gidanmu na tsaye shi kaɗai tsakanin kangaye da filayen da masu su ba su zo ginawa ba, sai maƙwabta su shuka hatsi da kuɓewa a ciki. Baba direban kamiyo ne a hanyar Kwatano, in ya tafi sai ya daɗe, don haka aikin namiji duk a kaina yake: in tura baro in ɗebo ruwa a famfo, in yanko wa rago ciyawa, in share zaure, in kai wa masu noma fura a ƴar gonarmu da ke bayan kwari, inda keke ba ya iya yashi. Yaran unguwa suna can suna langa da ƙwallon tsumma, kafin in gama aikina magariba ta yi. Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne samarin da ke fitowa da baburansu ranar Lahadi, su bi hanyar shanu ta cikin sabara, su faɗa kwari su fito ta tudu. Ɗan maƙwabcinmu ya koya mini tuƙi a wani ɗan ƙaramin moto nasa, daga nan ban sake barci da wani mafarki ba. Inna ce ta kai maganar wurin Baba, ta ce ai ko don kai fura gona.

Da muka kawo farin moton gida, na ɗaga ƙafa da ƙyar na hau a ƙofar gida, sai ga ƴan yatsuna suna lilo a iska. Kafin in ce me, mun kife ni da shi a gaban dukan yaran unguwa. Kai, dariyar ranar har yau ina jin ta! Nan take suka raɗa wa moton suna Raƙumi. Baba ya ɗaga shi, ya tura shi zaure, ya jingina da bango, ya ce da Inna, "Kada ya fita sai ina gari, har ran da ƙafar yaron nan ta kai ƙasa." Washegari ya hau kamiyonsa ya tafi. Haka na zama mai moto wanda ba ya hawa. Kullum in na dawo lakwal sai in goge shi da tsumma, in hau yana jingine, in miƙa ƙafa har jijiyata ta yi zafi. Wani ya ce mini wake na sa tsawo, na ci wake har Inna ta fara tsokanata ko aljanin wake ne ya shige ni. Wani ya ce a riƙa lilo a reshe, na yi ta rataye kaina a dogon yaron ƙofar gida kamar wankin da aka manta. Ranar Lahadi kuwa ita ta fi ciwo: ina zaune a kan Raƙumi cikin zaure, ina jin kukan baburan samari daga nesa, ƙanwata na leƙowa tana tambaya ko mun kusa isa.

Amma in Baba ya dawo, sai duniya ta sake. Bayan la'asar zai naɗe hannun riga, ya ce da Inna, "A ce ya ɗauko kwalbar esansi," wato fetur. Ya tura moton ina biye, har mu wuce gidajen ƙarshe mu kai bakin kwari, inda ba kowa sai Fulani da shanunsu can nesa. A nan zai riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya dafa bayana, in hau in tayar. Tun da ba Inna, ba bango, dole ya yi magana da ni kai tsaye. "Kada ka rage wuta cikin yashi," yake cewa, "koma baya kaɗan, dubi inda za ka, ba tayarka ba." Sai ya saki. In bi hanyar shanu, in zagaya wani tsohon gawo, in dawo, kuma da yake ba ni iya tsayawa ni kaɗai, dole in nufo shi kai tsaye. Zai buɗe ƙafafu, ya ware hannuwa, ya cafke kan moton, har goshina ya kusa taɓa ƙirjinsa, in ji warin man gazuwal na kamiyo da goro a rigarsa. Iyakar kusancin da na taɓa yi da mahaifina ke nan, kuma a lokacin ni haushi nake ji, gani nake ana riƙe ni kamar jariri.

Wata rana bayan an yi ruwa, gefen kwarin ya zaizaye ban lura ba, tayar gaba ta nutse, na tashi sama na faɗo, moton ya danne mini ƙafa. Ina kwance bakina cike da yashi sai na ji an kwarma kira: "Lawali!" Wallahi da farko ban gane muryar ba, don ban taɓa jin sunan a cikinta ba. Ga Baba a guje, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya cire. Ya ɗaga moton ya yar gefe, ya bi ƙafata yana matsawa tun daga guiwa har idon sawu. Da ya tabbata ba karaya, sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya kalli wani wuri daban ya ce, "Yaron nan ba ya jin magana." Muka dawo gida, yana turawa, ina ɗingishi a baya, kuma ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

Tsawon da na yi ta roƙo ya zo mini a hutun shekara ta gaba, ba tare da na lura ba. Wata safiya na hau Raƙumi a zaure kamar kullum, sai na ji sanyin ƙasa a tafin ƙafata. Na ture bango, na tsaya ni kaɗai! Na ƙagu Baba ya dawo. Ranar da ya iso, ko ruwa bai gama sha ba na fito da moton da kaina, na hau a ƙofar gida, na kafa ƙafafu biyu, ina washe baki ina jiran ya naɗe hannun riga. Ya daɗe yana duban ƙafafun nan. Sannan ya juya wajen Inna da ke bakin zaure ya ce, "To, ta kai. A ba shi makulli, ya riƙa zuwa." Ya ja tabarmarsa zuwa inuwa ya zauna. Na tafi kwari ni kaɗai, na zagaya gawo, na dawo da gudu na nufi wurin da ya saba tsayawa, na taka burki, na sa ƙafa a ƙasa lafiya lau. Ba kowa a wurin. Na kashe moton na zauna ina jin iska cikin sabara, a nan ne na gane abin da na yi ta cin wake don in rabu da shi. Daga baya na shiga cikin samarin Lahadi, na iya yashi har ana nuna ni, amma Baba bai sake zuwa kwari ba.

Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini sauran. Ta ce duk dawowar da zai yi, kafin ya tambayi abinci, sai ya rage murya ya ce, "Ƙafar yaron nan ta kai?" In ta ce da saura, sai ya ce, "To, ba sauri," ta ga fuskarsa ta saki. Ta ce ranar da ta kai kuwa, tuwonsa haka aka ɗauke shi.

Yanzu kwarin nan duk gidaje ne da katangu, gawon ma an sare shi, in yaro na son yashi sai ya yi tafiya mai nisa. Bana na kai nawa ɗan farin gareji zaɓen moto, kuma ni ina kiran sunansa, har in rungume shi a gaban mutane. Na yi abin da ya dace, na sa ya hau ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa na duba ƙafarsa, muka ɗauki wanda tafinsa ya zauna a ƙasa. Da muka fita bayan gari na kai hannu zan riƙe masa ƙarfen baya, sai ya ce, "Baba, bar shi, na iya." Ya tayar, ya tafi, bai waiwayo ba. Na tsaya da hannu a miƙe, ina tuna wani dogon shuɗin moto da na gani a garejin, na yi ta zagayawa ban saya masa ba. Allah Ya jiƙan Baba, ashe shi ma lokaci yake ja, kada ranar sakin hannu ta zo da wuri.