Emeric Hornyak, Mai Muryar Makashi (1909–1974)

An haifi Emeric Hornyak ranar Talata, 9 ga watan Maris na shekarar 1909, a garin Youngstown da ke jihar Ohio. Mahaifinsa, Stefan Hornyak, ma'aikaci ne a masana'antar narka ƙarfe, mahaifiyarsa kuwa, Ilona Bartos, wanki da guga take yi wa gidajen masu hali.

Ƙuruciya da karatu

Ya shiga makarantar cocin unguwarsu a 1915, ya kammala sakandare a 1927. Yana da shekara goma sha biyu cutar mashaƙo ta kwantar da shi wata biyu, kuma ko da Allah ya ba shi lafiya, muryarsa ba ta koma yadda take ba. Ta yi kauri, ta dishe, tana fitowa a hankali tamkar daga cikin rijiya.

Aiki da aure

Ya bi mahaifinsa masana'anta har zuwa 1934, lokacin da aka sallami ma'aikata saboda karyewar tattalin arziki. Daga nan ya yi ƙaura zuwa Port Harlan a bakin tafki, ya sami aiki a wani gidan rediyo a matsayin mai haɗa sauti: shi ne mai buga ƙofa, mai taka tsakuwa, mai soka wuƙa a cikin kabeji. A 1936 ya auri Lorraine Duffek, ma'aikaciyar ofishin tarho. Sun sami Stephen a 1938 da Marian a 1941.

Ƙofa Ta Bakwai

A 1938 aka fara wani wasan bincike da kisan kai mai suna Ƙofa Ta Bakwai, wanda ake watsawa kai tsaye kowace Alhamis da ƙarfe bakwai na yamma, aka ba Emeric matsayin makashi. Shekara tara yana riƙe da shi, kuma kafin kowane kisa sai ya ce, "Kada ka juyo." Iyaye mata da kalmar suke razana yara, ita kuwa Lorraine kashe rediyo take yi duk Alhamis don kada nata 'ya'yan su ji. A gari dai an san shi mutum ne mai barkwanci. Mahaucin unguwarsu kan ce masa, "Mista Hornyak, wa za a kashe mana wannan makon?" Shi kuma ya ce, "Kai ne, in ka ƙara cusa mini ƙashi a sikeli."

Tuhuma

Ranar Alhamis, 16 ga Oktoba 1947, da misalin bakwai da kwata na yamma, wani ɗan fashi ya harbe Wendell Pruitt, mai kantin magani, a cikin kantinsa. Matarsa Adelaide tana tsugune a bayan teburin sayar da magani, ba ta ga fuskar mutumin ba, amma ta ji ya ce wa mijinta, "Kada ka juyo." Bayan mako biyu ta ji muryar a rediyon ƙanwarta, ta ƙwalla ihu, ta ce wallahi shi ne.

Da 'yan sanda suka zo, dariya Emeric ya yi, domin dubban mutane sun ji shi a rediyo a daidai lokacin kisan. Sai dai bincike ya nuna cewa wasan ranar a faifai aka ɗauke shi tun Talata, saboda ya nemi hutun yini guda ya tafi ziyarar kabarin mahaifiyarsa, shi kaɗai a mota, ba wanda ya gan shi.

Aka jera shi da mutum biyar a bayan labule, aka umarci kowa ya faɗi kalmar don Adelaide ta saurara daga ɗaya ɓangaren. Da aka zo kansa ya yi iya ƙoƙarinsa ya sirantar da murya, maƙogwaron ya ƙi. Yana rufe baki ya ji faɗuwar kujera da ta Adelaide a ɗaya ɓangaren. Jami'in da ke riƙe da shi ya ce, "To, gwanin wasa, wannan karon kujerar kisa ta lantarki ce za ta rufe shirin."

Ya yi kwana ɗari da goma sha ɗaya a tsare. Fursunoni kan buga ƙarfen ɗakunansu suna cewa, "Yi mana muryar mana, ɗan rediyo!" Duk lokacin da fitilar ɗakin ta ɗan rage haske sai ya tuna da kujerar lantarki. Abin da ya fi karya shi shi ne ziyarar Lorraine ta uku, inda ta zauna ba ta dube shi ba, ta ce, "Emeric, don Allah faɗa mini, ina ka je ran nan?"

Ya ce, "Har da ke?"

Ta ce, "Ni ma muryar nake ji in na rufe ido. Marian ko sunanka aka ambata sai ta shige ƙarƙashin gado."

An sa ranar 8 ga Maris 1948 don fara shari'a. A watan Fabrairu aka kama wani Royce Tillery yana fashi a wata jiha maƙwabciya, ɗauke da bindigar da ta kashe Pruitt. Ya amsa laifinsa, ya kuma bayyana cewa shekara uku ya yi yana kwaikwayon muryar daga rediyo, domin in ya yi ta babu mai yi masa gardama.

Bayan saki

Da aka saki Emeric, gidan rediyon ya nemi ya koma, ya ƙi. A watan Mayu na wannan shekara, wata rana da hantsi, Adelaide Pruitt ta zo ƙofar gidansa sanye da baƙaƙen kaya. Ya buɗe baki zai yi mata maraba, ta ɗaga hannu ta dakatar da shi.

Ta ce, "Kada ka yi magana, na roƙe ka. Na san ba kai ba ne. Na zalunce ka, gafara na zo nema. Amma in na ji muryarka ba zan iya tsayawa ba."

Ya gyaɗa mata kai, ta juya ta tafi. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga murya sama da raɗa ba. Ya kama aiki a wani lambun renon furanni a bayan gari, inda ya yi shekara ashirin da ɗaya kafin ya yi ritaya a 1969. Autarsu Constance an haife ta a 1950.

Rasuwa

Emeric Hornyak ya rasu ranar Lahadi, 3 ga Nuwamba 1974, yana da shekara sittin da biyar, sakamakon ciwon zuciya. An yi jana'izarsa ranar Laraba a cocin unguwarsu, aka binne shi a maƙabartar Port Harlan. Ya bar matarsa Lorraine da 'ya'ya uku: Stephen, injiniyan jirgin ƙasa, Marian, malamar makaranta, da Constance, ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta taɓa jin cikakkiyar muryar mahaifinta ba sai shekara biyar bayan rasuwarsa, ranar da wani mai tara tsofaffin wasanni ya kunna mata kaset, ta saurara minti biyu, ta ce a kashe.