Injinka Ya Ƙone Suna Dariya, Yaya Douwe

Kai mai karatu, in akwai wani naka da ke rufe ƙofa ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai, karanta wannan har ƙarshe.

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, Allah ya karɓi ran yayana Douwe Hiemstra a gidansa da ke Bolsward, yana da shekara sittin da bakwai. Ciwon zuciya ne.

Yaya, shekara arba'in kana gyaran injin jiragen ruwa. Kekunan layinku duk sun san hannunka. Shekarar da mijina ya rasu, tukunyar ɗumama gidana ta mutu a tsakiyar sanyi, ka kwanta a kan siminti awa huɗu har ta tashi, ladanka kwanon miyar wake.

Abu ɗaya muka yi ta saɓani a kai, wasan nan na tuƙa jiragen sama na yaƙin duniya a kwamfuta da ka koya wa ɗana Hidde. Na ce shirme ne, ka ce haƙuri kake koya masa. Ina jin ka daga kicin: "Kai, sarkin gaggawa, dubi allurar zafi! Ƙarin wuta minti biyar ne, daga nan ka sassauta totur, ka buɗe murfin lagireto." Shi kuma ya ce, "Kawu, in na buɗe gudu zai ragu, su kamo ni." Ka ce, "To rufe, ka sauka a gonar mutane da ƙafa." Abokan wasanku na ƙasashe biyar suka laƙaba maka Kaka Lagireto, don shekara takwas ba ka taɓa ƙona inji ba.

Ran Lahadin nan, kana gida kai kaɗai, ka ba jirginka ƙarin wuta, kana bin wani. Minti biyar suka wuce, ba ka sassauta ba. Hayaƙi ya turnuƙe, inji ya buga, jirgi ya miƙe bai karkata ba. Suka fashe da dariya. "Yau dai Kaka ya dafa shayi!" in ji ɗaya. Wani ya ce, "Tsoho, gyangyaɗi kake?" Torben kaɗai, mutumin Denmark, ya daina dariya, ya ce wannan ba aikin Kaka ba ne. Ya yi ta kiran ka, shiru. Sai suka tarar babu wanda ya san sunanka na gaskiya, balle garinku. Lambar Hidde kawai ke gare su.

Hidde kuwa ya zo gidana, yana teburina muna cin abinci. Ni na hana shi wasa ran Lahadi, ni na sa dokar ajiye waya cikin kwando a bakin ƙofa har a gama ci. Sau goma sha ɗaya Torben ya kira. Na ji tana kaɗawa, Hidde ya yunƙura, na ce masa, "Zauna. Dankalinka zai huce." Sai bayan minti arba'in ya ɗauki wayar, muka kira motar asibiti.

Likita ta ce mai yiwuwa ko an zo da wuri ba za a iya ceton ka ba. Wannan "mai yiwuwa" ita ta hana ni sukuni. Hidde yana zaune shi kaɗai a Groningen, a bene hawa na huɗu, kuma ya koma wasan. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in ruga in ɗauka. Mahaifinsa ma zuciya ce ta ɗauke shi, yana da arba'in da shida.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya yafe maka, ya ba ka hutu. Marijke 'yar yayana, Allah ya ba ki haƙurin rashin uba, ke da yaranki. Torben, mun gode da tafiyar da ka yi har wurin jana'iza.

Har yanzu ban ce wasan nan yana da amfani ba. Amma ga dokar gidana daga yau. Wanda zai tashi jirgi, sai abokan tashinsa sun san cikakken sunansa da adireshinsa da lambata. Waya kuma a kan tebur za ta zauna, kusa da faranti, kuma in ta yi ƙara a ɗauka, ko muna tsakiyar addu'a.

Renske Hiemstra, Sneek